Gajeriyar Wayar Injiniya

Injiniya ya rasu. Abokina, mai gyaran rediyo da talabijin na bakin layinmu, ya rasu ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, yana zaune a kan bencinsa, bayan wata talabijin a buɗe a gabansa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Assalamu alaikum. Ku yafe mini da na sa labari a gaban sallama, tun ranar nan al'amurana ba sa zuwa a jere. Mai shagon cajin waya da ke maƙwabtaka da shi ne ya leƙa aron sukudireba, ya yi magana bai ji amsa ba. Ya ce ya ɗauka gyangyaɗi ne, don gilashinsa na kan hanci, hannunsa ɗaya na kan tebur kusa da ƙarfen da yake narka dalma da shi, ƙarfen ma bai huce ba. Babu ciwon kai, babu zazzaɓi, babu kwanciya. Ranar Litinin da yamma muka rabu yana yi mini tsiya wai tafiyata ta koma ta agwagwa. Kafin la'asar ɗin Talata ina tsaye a bakin kabarinsa. Har yau idan na fito ƙofar gida can idona ke fara zuwa, in ga shago a rufe, in ce a raina yau Injiniya ya makara, sannan in tuna.

Akwai labari na biyu, kuma shi ya sa na ɗauki biro. Mutane da yawa sun gan ni ranar Alhamis a wurin karɓar gaisuwa ina dariya, hawaye na zuba, hulata a ƙasa. Na ji an ce tsohon ya zautu. Ban zautu ba. Jikata ce ta yi tafiya da ƙafarta bayan ta kusa shekara a kujerar asibiti, kuma bayan ikon Allah kai ne sanadi, Injiniya. Ina so mutane su san yadda aka yi, don kada a ce na yi wa mutuwarka dariya.

A makarantar yamma ta manya muka saba, dukanmu da furfura. Ni na ƙare ƙuruciyata a tuƙin motar kaya, na san hanya da bishiyoyinta da gidajen man da ke kanta, amma allon gefen titi sai dai in gane shi da launi. Kai kuma kana bin jijiyoyin talabijin kamar lungun gidanku, amma rubutun da ke bayanta sai an karanta maka. Aka haɗa mu benci ɗaya, na yara, gwiwoyinmu na dukan tebur. Ranar farko malamar ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana tambayar abin da ya kawo kowa. Wani ya ce ya gaji da dangwala yatsa a takarda. Wata ta ce tana so ta iya karanta kwalin maganin mijinta. Ni na ce don jikoki su daina karanta mini saƙon waya suna ƙara nasu a ciki. Da aka zo kanka sai ka miƙe, ka gyara riga, ka ce, "Malama, akwai wani tsoho a bakin wata gada, shekara da shekaru yana gaya mini magana. So nake in ji abin da yake cewa."

Aji ya juyo yana kallonka. Ni dai na ɗan matsa gefen benci, na ɗauka harkar iska ce.

Ashe wata tsohuwar na'urar wasa ce, irin wadda yara ke ce wa gem, wani ya kawo maka gyara tun da daɗewa bai sake waiwayarta ba. Akwati ce ruwan toka kamar bulo, ana soka mata kaset a ka, a haɗa ta da talabijin. Kaset ɗaya ne a jikinta. Ka kunna don gwaji, shi ke nan ta kama ka. Ka yi shekaru kana yawo a cikin wasan ba ka san me ake cewa ba, kamar baƙo a kasuwar da ba ya jin yarenta. Sai da muka ci ƙarfin Hausa muka shiga Turanci, rannan ka ja ni shago bayan an tashi, ka kai ɗan mutuminka bakin gadar, ka danna, rubutu ya fito. Muka haɗa kai muna harhaɗa baƙaƙen, kai ka kama farko ni in kama ƙarshe. Abin da tsohon ke cewa duk shekarun nan shi ne, "Yau gari ya yi kyau."

Na yi dariya har na riƙe ciki. Kai ko a jikinka. Ka ce, "To ai gaskiya ya faɗa, Direba. Da ban shiga makaranta ba, da har in mutu ina zaton zagina yake."

Daga ranar wasan nan ya zama abin musunmu, kamar yadda wasu ke musun ƙwallo. Ga wanda bai san shi ba, labari ne na wani gari da koginsa ya ƙafe, matafiya huɗu suka tashi neman wanda ya toshe ruwan: mai takobi, mai garkuwa, mai magani, da wani ɓarawo da ya tuba. Kai ne za ka ja su gari zuwa gari, daji zuwa kogo, kana tambayar mutane hanya, kana faɗa da dodanni. Ni ban taɓa ɓoye maka aibinsa ba. Mutanen cikinsa ƙanana ne kamar ƙwayar wake, ba ka bambanta fuskar sarki da ta mai gadinsa. Mutumin gari magana ɗaya gare shi, ko sau nawa ka je ita zai maimaita. Ba ka yin taku kaɗan a daji sai allo ya girgiza, wani ƙwaro da ba ka gani ba ya tare ka, kuma shi ne dai wanda ka kashe ɗazu. Idan dodon gaba ya fi ƙarfinka, babu dabara sai ka koma baya ka yi ta kai da komo kana kashe ɓeraye har ƙarfinka ya ƙaru, abin da nake kira aikin gayya ba mai gayya. Ga rashin tarbiyya: ka shiga gidan mutane ba sallama, ka buɗe akwatinsu a gabansu ka kwashe, su kuma suna tsaye suna gaya maka labarin gada. Wannan kam ko kai kunya take ba ka, har nakan ji kana cewa "a gafarce mu" kafin ka buɗe.

Faɗan ma na ce maka ban taɓa ganin irinsa ba. Bi da bi ake yi, ka buga, ka tsaya a buge ka. Wane maƙiyi ne zai riƙe sanda a sama yana jira ka gama shan shayi? Kai kuma nan ne ka ce kyansa yake. Ka ce wasannin yaran yanzu na mai saurin yatsa ne, wannan kuwa na mai tunani ne, tsoho da yaro da marar lafiya duk ɗaya suke a gabansa, ba ya gaggauta kowa. Ka ce babu ɗaya daga cikin huɗun nan da zai kai ko'ina shi kaɗai, mai takobi in ba mai magani a bayansa gawa ne, mai magani in ba mai garkuwa a gabansa nama ne. Ka ce fuskokin da ba a zana sosai ba su ke ba mutum damar ya sa fuskar wanda yake so. Kiɗansa kuwa ban taɓa yi maka musu ba. Akwai wani da ake yi idan an shiga gari bayan doguwar wahala, ɗan siriri kamar busar sarewa, na sha kama kaina ina yin sa a banɗaki.

Babban aibinsa, wanda muka fi daɗewa a kai, shi ne ba ya barin ka tsaya inda ka ga dama. Sai ka kai masauki a cikin gari, ka kwana, sannan yake adana tafiyarka. Idan aka kashe na'ura kafin nan, duk abin da ka yi tun masaukin baya ya tafi, kamar ba a yi ba. Na ce maka wanda ya ƙera wannan bai san ana ɗauke wuta ba, bai san ana kiran salla ba. Kai ma a nan ka sallama, ka ce aibi ne, babu kare shi. Ban san kana ajiye aibin a aljihu ba.

Bara babur ya kaɗe jikata a hanyar makaranta. 'Yar babban ɗana ce, shekararta sha ɗaya, a gidana suke. Ni Uwargida nake ce mata, ita kuma ta ce mini Tsoho, kullum tana ja mini rai wai ba za ta tare ba sai na sa haƙoran roba. An yi mata aiki a cinya da gwiwa. Bayan watanni likita ya ce ƙashi ya haɗu lafiya, saura ta taka. Ranar da aka fara tsayar da ita a asibiti ta faɗi a gaban mutane, daga nan ta rantse ba ta sake sa ƙafar a ƙasa. Mai gashin ƙashi ta zaunar da mu ta faɗa mana ba ɓoye-ɓoye: in yarinyar nan ba ta fara ɗora nauyinta a ƙafar ba, gwiwar za ta sandare, naman zai shanye, kujerar da aka ba ta aro ta zama tata har abada. Uwarta ta yi lallashi ta yi kuka. Ubanta ya yi faɗa. Sandunan da aka ba ta suna bayan ƙofa har aka fara rataye musu kaya. Ni kuwa, kaka, ba abin da na iya sai tura kujera da cewa a ƙyale ta.

Kai ne ka ce mini wata rana, "Kawo mini Uwargidan taka shago ta taya ni hira, na gaji da fuskarka." Na kai ta. Shagon naka kowa ya san shi, ɗan tsukuku, kanta a tsakiya, matattun rediyoyi har rufi, fanka mai fiffike biyu. Kujerarta ba ta wuce kanta, sai a bakin ƙofa. Na'urar kuwa na tarar ka ɗauke ta daga inda take, ka ɗora ta a kan wani katako can ciki, daidai ƙirjin mutum, ita da ƙaramar talabijin. Ka fara sabuwar tafiya, ka ce ta raɗa wa matafiyan suna. Mai takobi ta ce ita ce. Mai magani ta sa masa sunanka. Ɓarawon ta ba shi sunan kyanwar gidanmu. Mai garkuwa, ƙaton nan mai nauyin jiki da kullum shi ne na ƙarshe a kai bugu, ta dube ni ta ce, "Wannan Tsoho ne."

Kwanaki tana kallo daga bakin ƙofa kana bugawa. Ban taɓa ganin ka yi wasa da wauta irin ta lokacin ba. Ka ba mai lafiya magani, ka bar mai rauni. Ka wuce ƙofa a buɗe ka je kana dukan bango. Tun tana shiru har ta fara magana, yarinyar da ta yi watanni ba ta haɗa jimla biyu.

"Baba Injiniya, ba nan ba, hagu."

"Ina ne hagu kuma?"

"Wai kai da ka yi shekaru kana yi? Miƙo mini."

"Ga shi, Kwamanda," ka ce, ka miƙo abin dannawar. Wayarsa ta miƙe ta tsaya, ko rabin hanya ba ta kai ba. Ka dube ta ka dubi wayar, ka ce, "Kin gani, haka masu ita suka yi ta, gajera. Sai dai ki zo."

Ba ta zo ranar ba, ba ta zo washegari ba. Ana nan rannan ka kai su bakin wani dodo ka fara shirmen da ka saba, ta ce, "Tsoho, ɗaga ni." Na ɗauke ta cak na kai ta gaban katakon. Ta dafa shi da gwiwar hannu, ta tsaya a kan ƙafa ɗaya, mai ciwon tana lilo. Kafin a gama faɗan, ba tare da ta sani ba, ta ajiye ta a ƙasa. Na buɗe baki zan yi magana ka taka mini ƙafa.

A nan ne aibin nan ya fara aiki. Da ta gaji ta ce a mayar da ita kujera, sai ka ce to, amma masauki na gaba kaɗan, in aka tsaya nan dodon da ta kashe zai dawo. Ta ciji leɓe ta ƙarasa. Farkon wasan garuruwa kusa suke da juna. Ana nisa suna ƙara nisa, tsayuwarta na ƙara tsawo. Ƙwarin nan masu tare hanya da nake zagi, kowane ɗaya ƙarin tsayuwa ne. Kai da komon kashe ɓeraye, ita ba ta ga wahalarsa ba, don tana ganin ƙarfin mutanenta na hawa, ta ce mini, "Tsoho, ka ƙara ƙarfi, amma har yanzu kai ne na baya."

Sau ɗaya muka ɓata da kai a kan wannan. Na ga gumi na bin wuyanta, ƙafar na rawa kamar mazari, masauki kuma ba alamarsa. Na ce ka sauko da akwatin ƙasa, ko ka ƙara wa wayar tsawo, kai da wayoyi suka yi wa shago saƙar gizo. Ka ce irin wannan ba a samunta yanzu. Na ce to ina doguwar kujerar nan taka ta katako, mai tsayin ƙafafu, ta zauna a kai? Ka ce ƙafarta ta karye, za ka gyara. Na ce mutumin da ke ta da mataccen rediyo ya kasa buga ƙusa ɗaya? Ka ce kai ba kafinta ba ne. Na faɗa maka magana mai zafi, na ce wasan mugunta ne, mai shi ma haka. Kai dai ka ci gaba da hura dalma. Na yi kwana biyu ban kai ta ba, sai da ta daina yi mini magana a gida na sauko.

Duk da haka tsayuwa ce kawai. Taku ko ɗaya ba ta yarda ta yi ba. Ni ke ɗauko ta daga kujera, ni ke mayar da ita. Mai gashin ƙashi ta ce an samu ci gaba ƙwarai, amma in ba a taka ba da sauran aiki, lokaci kuma ba ya jira.

Ranar Litinin ɗin nan, jajibirin rasuwarka, matafiyan suka shiga wani kogo, mafi tsawo a wasan, babu gari babu masauki a cikinsa. Kana gefenta kana karanta mata abin da ya fi ƙarfinta, kuna shawara kafin kowane bugu. Sun yi nisa sosai, sun sha wuya, sai wani dodo ya kayar da mai magani. A wasan, wanda ya faɗi sai an kai shi masauki yake tashi. Kai ba ka taɓa yarda a ce ya mutu ba, kullum cewa kake suma ya yi, don mai ta da matacce ɗaya ne. Ƙafarta ta gaza, magariba ta kawo kai. Ta ce in aka kashe duk wahalar yau ta tafi. Ka ce ba za a kashe ba. Ka jona na'urar da batirin mota da kake gwaji da shi, ka kashe talabijin kawai. Ina ɗauke da ita zan sa a kujera ka ce, "Gobe ki zo da wuri ki fitar da ni daga ramin nan, Kwamanda. Kada ki bar ni a kwance."

Maganarka ta ƙarshe da ita ke nan.

Da aka gaya mata ba ta yi kuka ba, ta juya fuska bango. Ranar Laraba na shigo cin abinci ta ce, "Tsoho, kai ni shago." Na ce mutum ya mutu kina zancen gem? Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar. Ranar Alhamis yayarka ta iso, tsohuwa ce ƙwarai, ba ta iya takowa daga inda mota ta tsaya, sai na aika aka ɗauko kujerar yarinyar aka shigar da ita, kujerar ta zauna can cikin gida wurin mata. A ranar ne kuma ƙaninka ya ce bayan la'asar za a buɗe shago, a cire duk abin da ke jone da wuta, a ba masu kaya kayansu. Uwar yarinyar ta ji, ta koma gida ta faɗa a cikin hira, ba ta san abin da ta kunna ba.

Muna zaune a ƙofar gidanka, jikin shagon, an idar da la'asar, ƙaninka ya miƙe da makulli a hannu. Sai na ga mutanen da ke fuskantar layi sun yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Na waiwaya. Daga ƙofar gidana, ta gaban shagon mai wanki, ga wata yarinya tafe da sanduna biyu a hammata, ɗaya har da ɗankwalin uwarta a rataye ba ta tsaya cirewa ba. Tana jefa sanda, ta ja ƙafa, ta ɗora, ta tsaya ta numfasa. Na daɗe ina kallo kafin kaina ya yarda cewa tawa ce. Uwarta na biye da ita, hannuwa a buɗe, ba takalmi. Da ta iso katakon da aka gitta a kan kwata na zabura zan tare ta. Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Tsoho, in ka taɓa ni na fasa auren."

Na tsaya. Ta haye.

Ta zo gaban ƙaninka, numfashinta na fita da ƙyar, ta gaishe shi, ta yi masa gaisuwar rashi kamar babba, sannan ta ce, "Baba, don Allah kada a kashe na'urar ciki. Na bar shi a kwance."

Bai gane ba, ya dube ni. Na durƙusa kusa da ita na ce, "Uwargida, ko an kashe ai masaukin baya za a koma, a can kowa lafiyarsa lau. Kuma kin san wannan ba zai dawo da shi ba."

Ta ce, "Na sani, ni ba yarinya ba ce. Amma tafiyar ranar Litinin tare muka yi ta. In aka kashe, kamar ba a yi ba."

Ƙaninka ya sa makulli ya buɗe. Warin dalma da ƙura ya fito, gilashinka na nan a kan tebur inda aka ajiye. Can ciki ɗan jan fitilar na'urar yana ci, ya dushe kamar garwashin da ya kwana. Babu wuta a layin, mai caji ya ruga ya jawo waya daga janareton shagonsa aka kunna talabijin. Kogon ya fito, matafiya uku a tsaye, ɗaya a kwance. Ta wuce kanta da ƙafarta, ta jingine sanduna, ta ɗauki abin dannawa.

Ban san tsawon lokacin da ta ɗauka ba. Na san dai dattawan da suka zo gaisuwa sun cika bakin ƙofa, mutanen da ba su taɓa kallon gem ba, wani na tambayar wane ne namu a ciki. Babu mai magani, don haka duk bugun da aka sha ya zauna. Ɓarawon ya faɗi. Saura ita da Tsoho. Sai ta riƙa sa ni a gaba ina shanye duka, ita tana sara ta bayana, karo na farko da na yi amfani a wasan nan. Faɗan bi da bin da na raina shi ya cece ta, don kowane bugu sai ta tsaya ta yi tunani, dodon yana jira, babu mai gaggauta ta. Ƙafarta na rawa, babu wanda ya ce ta zauna. Can sai allo ya yi haske, suka fito fili, ga gari. Ɗan kiɗan nan ya tashi a cikin shagonka. Ta shiga masauki, allo ya yi duhu, ya dawo, matafiya huɗu a tsaye a jere, sunanka a cikinsu. Ta adana tafiyar. Ta ajiye abin dannawa a hankali, sannan ta kifa kai a kan katakon ta fashe da kukan da ta riƙe tun Talata.

Ni kuma a lokacin ne dariyar ta ƙwace mini. Ina kallon ƙafafunta biyu a ƙasa, da ƙurar layi a jikinsu. Wannan ita ce dariyar da kuka gani.

Kafin magariba mai ɗakinka ta aiko a kira ni. Ta miƙo mini wani abu ta bayan labule, waya ce ruwan toka a naɗe, ta fi kamu uku. Ta ce daga jikin wayar abin dannawa take, a gida ka yanke ta, ranar da za a fara kawo yarinyar, ka sake haɗa bakin yadda ba mai ganewa. Ta ce kafin nan sai da ka je asibiti da ƙafarka ka sami mai gashin ƙashi, ka tambaye ta tsayuwa nawa ƙafar za ta iya ɗauka ba tare da cuta ba, kuma kana komawa kana faɗa mata yadda ake ciki. Doguwar kujerar kuwa tana kicin ɗinta, ƙafafunta huɗu lafiya. Ta ce ka ce mata, "Kada Direba ya ji. Zuciyarsa ruwa ce, zai ba ta kujera."

Na tsaya ina juya wayar a hannu. Mutumin da na kira mugu a shagonsa, shi kuwa ya ci gaba da hura dalma.

Injiniya, musunmu ya ƙare ba ka nan. Ban janye ko ɗaya daga aibin da na lissafa ba. Mutanensa har yanzu kamar wake suke, tsohon gada har yanzu magana ɗaya gare shi, wanda ya hana a tsaya sai a masauki har yanzu ban yafe masa duka ba. Amma ka fi ni gaskiya a kan babban abu, wasa ne da ke jiran mai rauni, kuma ba a cin sa sai da abokan tafiya. Sauran kuwa ba wasan ba ne, kai ne. Aikinka ke nan tun da na san ka, a kawo maka abin da kowa ya ce ya lalace, ka juya shi, ka samo inda zai yi amfani.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka Ya haskaka shi. Yadda ka tsayar da yarinyar nan a kan ƙafafunta, Allah Ya tabbatar da naka a ranar da ƙafafu ke zamewa. Ya sa Aljanna ce masaukinka. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka da ta riƙe maka sirri, da 'ya'yanka, da yayarka, da ƙaninka, da 'yan ajinmu na yamma da suka rage, da duk wanda ya taɓa kawo maka abu matacce ya koma da shi yana magana. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen.

Iyalinka sun ce na'urar za ta zauna a kan katakonta har yarinyar ta kai inda aka toshe kogin, ƙaninka ya ba ni makulli. Wayar da ka yanke tana aljihuna, ba kuma za a mayar da ita ba. Kullum bayan la'asar Uwargida na fitowa daga gida zuwa shago, jiya ma da sanda ɗaya ta je. Duk wanda ya ji labarin nan bai yarda ba, ga layinmu, ku zo ku gani da idonku, ku yi wa Injiniya addu'a a ƙofar shagonsa. Abu ɗaya nake roƙo: in kun ga ƙafarta na rawa, kada wanda tausayi ya kama ya miƙa mata kujera.